Tsohuwar Mota da Sabon Tartsatsi



Zan fara da labarin wata mota, domin ita ce ta sa na zaɓi wannan batu. A-kori-kura ce ƙirar Peugeot 404, wadda ta girmi direbanta, tana jigila daga ƙauyukan Gwiwa da Roni zuwa Kazaure. Ranar kasuwa ita ke ɗaukar gero da wake da awaki, da rani ita ke fito da tumatir da albasa daga fadama, in kuwa naƙuda ta tsananta wa mace da tsakar dare, ƙofar mai ita ake bugawa don a kai ta asibiti. Mutumin nan ya gaji da sayen kwantak, sai aka ba shi shawara ya sa na'urar nan ta lantarki da kanikawa ke kira iginaita. Ya saya, aka haɗa, mota ta tashi da bugu ɗaya, kowa ya yi murna. Bayan kwana tara ta mutu. Ya sayi ta biyu, ba ta cika wata ba. Da ta uku ta ƙone sai ya yanke hukunci cewa kayan zamani duk jabu ne, ya koma wa kwantak ɗinsa. Sa'ad da muka buɗe injin muka gwada kwayil da mita, sai muka tarar ashe shi ne ɓarawon. Wani ya ɗaura masa kwayil na wata mota dabam, wai don ya fi ƙarfi, shi kuwa yana cinye na'urorin ɗaya bayan ɗaya.

Irin motar nan ba ɗaya ba ce a ƙasarmu. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen ma ya buɗe masana'antarsa a Legas cikin shekarar nan. Peugeot 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, an daina ƙera ƙaramarta a Turai a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har 2006. Saboda haka tun Kazaure na cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, hanyoyin Kano zuwa Daura da na Babura sun cika da waɗannan motoci, tare da Land Rover ta hukuma da Datsun da Toyota na 'yan kasuwa. Waɗanda suka rage a cikinsu yau sun bar birni sun koma ƙauye, inda ake bukatar mota mai jure hanyar burji, wadda kuma bakanike zai iya gyarawa a gindin bishiya. Abin da ya fi kwantar da su ba fistin ba ne ko giya. Galibi wuta ce.

Yadda tartsatsi ke samuwa

Injin mai shan fetur yana zuƙo iska da mai cikin silinda, fistin ya matse su, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta. Batirin mota folt 12 gare shi, alhali kuwa wuta ba za ta tsallake tazarar bakin fulogi cikin matsattsiyar iska ba sai ta kai folt dubbai, sau da yawa fiye da 10,000. Aikin kwayil ke nan. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da naɗin waya iri biyu: na farko waya ce mai kauri, naɗi 'yan ɗaruruwa, na biyu siririya ce kamar gashi, naɗi dubbai masu yawa. In wutar batir ta bi naɗin farko, sandar ta zama maganaɗisu. In aka yanke wutar nan farat ɗaya, sai ƙarfin maganaɗisun ya rushe, rushewar tasa kuwa ita ke haifar da wuta mai tsananin ƙarfi a naɗi na biyu. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan da kyau: tartsatsi yana fitowa ne lokacin da aka yanke wuta, ba lokacin da aka haɗa ta ba.

To, wa ke yankewa? A tsarin da Charles Kettering na Amurka ya ƙago, wanda motocin Cadillac suka fara amfani da shi a 1910, kwantak ne. Wasu 'yan ƙarafa ne biyu masu haɗa baki a cikin distiributa. Sandar distiributa tana da kusurwa huɗu a injin mai silinda huɗu, kowace kusurwa in ta zo sai ta ture 'yar dunduniyar kwantak, baki ya buɗe, wuta ta yanke. Kondensa na gefe yana shanye wutar da ke neman tsallake bakin, rota kuma tana juyi a ƙarƙashin murfi tana miƙa wa kowane fulogi rabonsa bi da bi. A Peugeot jerin shi ne 1, 3, 4, 2. A Volkswagen Beetle kuwa 1, 4, 3, 2.

Tsari ne mai hikima, ya kuwa yi wa duniya aiki fiye da shekara sittin. Amma mu yi ɗan lissafi. Injin mai silinda huɗu yana bukatar tartsatsi biyu a kowane juyi. In yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a kan kwalta tsakanin Kazaure da Kano, tartsatsi 6,000 ke nan a minti, watau 100 a kowane sakan. Sau ɗari a sakan 'yan ƙarafan nan ke buɗewa su rufe, kowace buɗewa kuma suna yanke wutar da ta kai amfiya huɗu. Dole baki ya ƙone, gefe ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tsini. Daɗin daɗawa dunduniyar tana gogar sanda tana cinyewa. A nan ne ƙasarmu ta ƙara wa abin wahala, domin ƙurar hunturu da ta hanyar burji in ta shiga ta gauraya da ɗan girishin da ke jikin sanda, sai ta koma kamar dutsen wāshi. Tazarar da aka saita a milimita 0.4 ta dinga raguwa, tana raguwa kuwa tartsatsi na makara. Direba ba ya lura ranar da abin ya fara. Sai dai ya ga mota ta yi nauyi a hawa, lagireto na tafasa, mai na ƙarewa da wuri, da asuba kuma sai an tura.

Maganin da masana'antu suka samo shi ne taransista, wadda aka ƙago a Amurka a 1947. Ita ma makunni ce, tana haɗa wuta tana yankewa, amma ba ta da baki mai ƙonewa ko dunduniya mai cinyewa. Kamfanin Chrysler ya sa wannan tsari a dukan motocinsa na Amurka a 1973, General Motors ya bi baya da nasa mai suna HEI a 1974 da 1975, Bosch a Jamus da Lucas a Ingila da Nippondenso a Jafan kowa ya fito da nasa. Saboda haka abin da muke kira na zamani ya haura shekara hamsin. Abin da nake so a fahimta kuwa shi ne, duk girman sunan da za a ba iginaita, makunni ce kawai da ta gaji aikin kwantak. Tana bukatar wanda zai gaya mata lokacin yankewa, tana bukatar kwayil da ya dace da ƙarfinta, tana kuma bukatar hanyar fitar da zafi. In ɗaya cikin ukun nan ya kuskure, ta mutu.

Wanda ke gaya mata lokaci

Iri uku ake samu. Na farko shi ne mai haƙora: a jikin sandar distiributa akwai ƙarfe mai haƙori huɗu, a gefensa maganaɗisu da ɗan ƙaramin naɗin waya. Duk haƙorin da ya gifta sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan a naɗin, ita ce saƙon da ke zuwa ga iginaita. Waya biyu ke fitowa daga gare shi. Shi ake tararwa a Toyota da Datsun na bayan zamanin kwantak, da yawancin Peugeot 505. Yana da juriya ƙwarai, ƙura ba ta dame shi ba, sai dai saƙonsa yana raunana in batir ya yi sanyi sitata na juya injin a hankali, musamman in tazarar haƙori ta yi faɗi. A Toyota tazarar nan tsakanin milimita 0.2 da 0.4 take, ana kuma auna ta da ma'aunin tagulla, domin na baƙin ƙarfe maganaɗisu zai kama shi ya ruɗi hannun mai awo.

Na biyu yana aiki ne da abin da Edwin Hall ya gano a 1879, watau cewa maganaɗisu na karkatar da wutar da ke gudana cikin siririn faranti. Wannan iri ba ruwansa da saurin juyi, ko da hannu aka juya injin zai ba da saƙo. Na Bosch da ke cikin Volkswagen Golf, motar da ta gaji Peugeot a tashoshinmu, waya uku gare shi. Akwai kuma ƙanana da ake ƙerawa musamman don su zauna daidai gurbin kwantak a tsohuwar distiributa, da zoben maganaɗisu da ake zurawa a kan sanda. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Pertronix na Amurka, kwaikwayonsa kuwa sun cika kasuwa. A irin waɗannan, mai ba da saƙo da taransistar duk suna cikin ɗan ƙulli ɗaya, waya biyu kawai ke fitowa, ja da baƙa.

Na uku mai haske ne, wata 'yar fitila da ido mai kallonta, da fiffike mai giftawa tsakaninsu, irin na kamfanin Lumenition na Ingila. Yana da kyau a ƙasar da ba ƙura. Ni dai ba zan ba mai mota a Gwiwa shawarar ya sa ido a inda ƙura da tururin baƙin mai ke taruwa ba.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano sayen wannan kaya, kada ya tafi da sunan mota kaɗai a bakinsa. Peugeot ɗaya tana iya zuwa da distiributa ta Ducellier, ko Paris-Rhône, ko Bosch, cikinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Land Rover mai fetur ta zo da Lucas 25D, daga baya 45D. Motar da ta shekara arba'in a hanya ma wa ya san sau nawa aka canja mata? A jikin kowace distiributa akwai suna da lamba. Su za a kwafa, ko ma a ciro ta a tafi da ita. Tun tana hannu sai a girgiza sandar a ji ko tana wasa, a kuma murɗa rota a saki a ga ko za ta koma da kanta. A ƙarƙashin farantin kwantak akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi da 'yan sifirin, waɗanda ke gaggauta tartsatsi in injin ya ƙara gudu, a gefe kuma akwai ɗan gwangwanin da iskar kafireto ke ja. Iginaita ba ta gaji aikin waɗannan ba. In sun daskare da tsatsa, ko an sa na'urar da ta fi kowace tsada mota ba za ta ja ba.

Wasu sukan ɗauko distiributar 505 ɗungurungum su sa a 504, da yake injin ɗin dangin juna ne. Dabara ce mai kyau, muddin an ɗauko ta tare da iginaitarta da kwayil ɗinta, ba a tsinto kowanne daga tuli dabam ba.

Sai a duba batir. Kusan duk motocin da muke gani, ƙafar batir mai alamar ɗebewa (−) ita ke haɗe da jikin mota. Amma Land Rover da aka ƙera kafin 1967, da wasu tsofaffin motocin Ingila, ƙafa mai alamar tarawa (+) ce ke jiki. Haka kuma tsofaffin Beetle na farkon shekarun 1960 folt 6 gare su. Kwantak bai damu da ta ina wuta ta shigo ba. Taransista kuwa in wuta ta zo mata a juye, ba ta ba da lokacin gyara kuskure.

Yanzu mun zo ga kwayil, wanda ya cinye wa mutumin Gwiwa kuɗinsa, zan kuwa ɗan daɗe a nan. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san abu uku: ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi, da faɗin tiyo, da yawan ruwan da ke fita. Folt shi ne ƙarfin turawa, amfiya shi ne yawan abin da ke gudana, om kuwa shi ne ma'aunin turjiyar waya, watau ƙuncin tiyo. In aka raba folt da om sai a sami amfiya. Kwayil na zamanin kwantak turjiyar naɗinsa na farko wajen om 3 ce. 12 a raba da 3, amfiya 4 ke nan. Akwai mai om 1.5, wanda ake haɗa shi da wani ɗan farin tangaran mai rage wuta, da ake kira balas, su biyun su tashi wajen om 3. Sa'an nan akwai kwayil na motocin da suka zo da iginaita tun daga masana'anta, wanda turjiyarsa ba ta kai om ɗaya ba, wani ma rabin om ne. A ido duk kamarsu ɗaya, baƙin gwangwani ko shuɗi mai ƙafa biyu.

Iginaita irin ta masana'anta, kamar ta Bosch ko HEI, tana da dabarar taƙaita wuta a cikinta. In amfiya ya kai iyakar da aka sa mata sai ta riƙe shi nan. Don haka ne take iya zama da kwayil mai ƙaramar turjiya. Amma 'yar ƙaramar nan mai waya ja da baƙa, a sigarta ta asali, ba ta da wannan dabara. Duk abin da kwayil ya nema shi take bari ya wuce ta cikinta. Masu ƙera Pertronix sun ƙayyade cewa a injin mai silinda huɗu kada turjiyar ta gaza om 3. Kwayil ɗin da muka tarar a a-kori-kurar nan om 0.6 ne. A raba 12 da 0.6, amfiya 20 ke nan, ninki biyar na abin da aka ƙera na'urar ta ɗauka. Abin mamaki ma shi ne da ta farko ta kai kwana tara.

Gwajin bai fi minti biyu ba. A cire wayoyin ƙafafun kwayil biyu, a sa mita a mafi ƙanƙantar ma'aunin om, a fara haɗa bakin wayoyin mitar da juna a ga abin da suka nuna, sa'an nan a ɗora su a ƙafafun a ɗebe wancan daga wannan. Mitar da za ta yi aikin nan ba ta kai kuɗin iginaita ɗaya ba. Amma gareji nawa ne tsakanin Roni da Babura za a shiga a tarar da ita a rataye?

Haɗin waya

Kowane kwayil ƙananan ƙafafu biyu gare shi, kowace ƙasa kuwa da yadda take rubuta su. Jamusawa lamba suke sawa: 15 ita ce ƙafar da wuta ke shigowa daga makulli, 1 ita ce mai zuwa kwantak, 4 babbar wayar tsakiya, 31 kuma jikin mota. A kwayil na Faransa za a ga BAT da RUP, a tsohon Lucas SW da CB, a sauran kuwa alamar tarawa da ta ɗebewa. Ma'anarsu duk ɗaya ce: ta farko mashiga, ta biyu mafita.

Mai waya biyu ita ta fi sauƙi. A cire ƙafar batir tukuna. A fitar da kwantak da kondensa, a zaunar da na'urar a gurbinsu, a zura zoben maganaɗisu har ya zauna sosai, a mai da rota. Baƙar waya ta tafi mafitar kwayil, inda wayar kwantak take a da. Ja ta tafi inda cikakken folt 12 yake in an murɗa makulli. In motar ba ta da balas, mashigar kwayil ta wadatar. In tana da shi, to a ɗauko wutar daga gabansa, ta gefen makulli, domin abin da ke fitowa bayansa ragagge ne, na'urar za ta riƙa yankewa. A lura, wasu motocin balas ɗinsu ba tangaran ba ne, wata waya ce ta musamman a ɓoye cikin damin wayoyi, mita ce kaɗai za ta tona ta. In aka musanya ja da baƙa, ko da na ƙiftawar ido ne, an yi asara. A bar wa wayoyin ɗan sassauci a cikin distiributa, domin farantin yana motsi in gwangwanin iska ya ja shi, kada kuma su taɓa sanda.

Akwai wata 'yar saƙaƙƙiyar waya a cikin distiributa, wadda ta haɗa farantin nan mai motsi da jikin distiributa. Yara masu koyon aiki sukan tsinke ta su yar, don ba su ga amfaninta ba. Ta nan wuta ke komawa batir. Haka kuma babbar wayar da ta haɗa injin da jikin mota. In ta yi tsatsa ko ta saki, mota za ta riƙa shaƙewa ba dalili, a canja fulogi, a wanke kafireto, a zagi mai sayar da fetur, alhali noti ɗaya ne ke son ɗauri.

Ta HEI ƙafa huɗu gare ta, da haruffa a jiki. B na zuwa wutar makulli tare da mashigar kwayil, C na zuwa mafitarsa, W da G kuwa su ke karɓar wayoyi biyu na mai haƙora. Komawar wutarta ta kusoshin da aka ɗaure ta da su ne. In aka juya W da G injin zai iya tashi, amma lokacin tartsatsi zai kauce ya riƙa yawo, sai a musanya su. Wayoyin nan biyu saƙonsu rarrauna ne, saboda haka a murɗe su tare kamar igiya, a kuma nisanta su da wayoyin fulogi. Ta Bosch da ke cikin Golf gurbi bakwai gare ta: 1 mafitar kwayil, 2 jikin mota, 4 wutar makulli, 3 da 5 da 6 kuma su ne na wayoyi uku masu zuwa distiributa. Wannan ba ta karɓar saƙon mai haƙora, kamar yadda akasarin na mai haƙora ba su karɓar nata, ko da soket ɗin ya shiga daram.

Duk iginaitar da ke zaune a wajen distiributa, bayanta ƙarfe ne, ta nan take fitar da zafi. Wajibi ne a ɗaure ta a kan farantin alminiyum mai kauri, a shafa farin man nan mai kai zafi tsakaninsu, a kuma zaɓa mata wuri nesa da bututun hayaƙi, inda iska ke ratsawa. Girishi ba ya maye gurbin man nan. A watan Afrilu zafin inuwa a ƙasar Kazaure yakan haura digiri 40, balle ƙarƙashin murfin injin da ke hawan tudun Roni da buhu ashirin. Na sha ganin iginaita a ɗaure da tsumman roba tana lilo a jikin waya. Alamar wadda zafi ya fara ci ita ce mota ta mutu bayan tafiyar rabin awa, a zauna a sha ruwa, a buga ta tashi kamar ba abin da ya faru.

In an gama haɗi, dole a sake saita taimin, domin sabuwar na'ura ba lalle ta yanke wuta daidai inda kwantak ke yankewa ba. Tsofaffin kanikawan 404 sun saba zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 a ramin da ke jikin gidan kuloci har ya faɗa gurbinsa, su juya distiributa har ƙwan gwaji ya kama. Wannan dabara ba ta aiki da mai haƙora, tun da ba ya ba da saƙo sai yana juyi. Fitilar taimin mai walƙiya ake bukata, injin na aiki. Saiti da kunne kuwa, kowa ya san yadda yake ƙarewa: a gaggauta tartsatsi don mota ta yi zafin nama, fistin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, bayan 'yan watanni a sauke injin.

Akwai kuma halayen da muka gada daga zamanin kwantak, waɗanda ba su cutar da shi amma suna kashe taransista. Cire batir injin na aiki don a tayar da wata mota yana sa altaneta ta yi amai da wuta mai yawa cikin wayoyi. Haka haɗa batir biyu a jere don sitata ta yi ƙarfi. Haka yin walda a jikin mota ba a cire batir da soket ɗin na'urar ba. Haka gwada waya ta hanyar karta ta a jikin ƙarfe a ga ko za ta yi tartsatsi, ko zare wayar fulogi a riƙe ta nesa injin na juyi, domin wutar da ta rasa mafita takan koma ta huda abin da ya fi rauni. Sai kuma barin makulli a buɗe injin a kashe, ana sauraron rediyo a tasha. A ƙaramar nan mai waya biyu, wuta na iya tsayawa tana bi ta cikinta har ta dafa ta tare da kwayil. Gwajin da ba ya ɓarna shi ne a sa ƙwan gwaji tsakanin mafitar kwayil da jikin mota, a buga sitata. In yana ƙiftawa, na'urar na aikinta, a nemi matsala a rota ko murfi ko kwayil. In ya tsaya cak, a bi wutar makulli da wayar komawa da mai ba da saƙo, kafin a ɗora wa iginaita laifi.

Ko ya cancanci a yi?

A ganina ya cancanta, amma kada a yi wa mai mota alkawarin abin da ba zai samu ba. Iginaita ba ta ƙara wa injin ƙarfin da ba a ƙera shi da shi ba, ba ta kuma gyara ringi ko bawul da suka cinye. Injin da aka saita wa sabon kwantak yau da safe, da wanda ke da iginaita, kusan ɗaya suke. Bambancin sai bayan wata uku, sa'ad da na farko ya kauce daga saitinsa na biyu kuwa yana nan inda aka bar shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, wannan kaucewar da a da ba a kula da ita ba ta zama kuɗin cefane. Waɗanda ke tunanin mai da tsofaffin motocinsu su koma shan iskar gas su ma su sani cewa gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana son tartsatsi mai ƙarfi da taimin da ba ya yawo.

Ga ma'aikatan da ke sa hannu a takardun gyaran motocin hukuma, ina da 'yar magana. In takarda ta zo gabanka karo na biyu da buƙatar iginaita ga mota ɗaya, kada ka tsaya ga zargin bakanike ko ɗan kasuwa. Ka tambaya om nawa kwayil ɗin ya nuna, a rubuta maka a jikin takardar, tare da lambar distiributa. A harabar sakatariyoyi da asibitoci akwai motocin da aka ɗora a kan duwatsu aka ce injinsu ya mutu, wasu kuwa abin da ya kwantar da su bai fi girman akwatin ashana ba. Ɗalibanmu na fannin injiniya, na nan da na Kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, da za a ba su mita da fitilar taimin su zagaya, da an sha mamaki.

Sai dai akwai inda kwantak ya fi, ba kuwa zan ɓoye ba. Shi yana ba da sanarwa kafin ya mutu, in ya mutu kuma ana iya tashinsa a bakin hanya: a goge baki da 'yar takardar yashi, a saita tazara da kwalin sigari, a isa gida. Iginaita sau da yawa ba ta sallama, ba a kuma buɗe ta a gyara. In ta mutu da ƙarfe biyun dare a hanyar Korayel da mai naƙuda a baya, ba shagon da za a buga. Saboda haka wanda ya sa irin mai zama gurbin kwantak, ya nannaɗe tsohon kwantak da kondensa da 'yan kusoshinsu da wayarsu a leda, ya ajiye a aljihun mota tare da sukudireba, ya kuma yi wa jikin distiributa da injin zane biyu da ƙusa, ɗaya na saitin kwantak ɗaya na saitin iginaita, don a iya komawa cikin duhu ba tare da fitilar taimin ba. Wannan komawa tana yiwuwa ne kawai in kwayil mai om 3 ne, wanda ya dace da su duka biyun. Wanda kuwa ya canja distiributa ɗungurungum, sai ya riƙe iginaita ta biyu, wadda aka riga aka ɗaura aka ga ta tayar da motar, ba sabuwa a kwali da ba a taɓa gwadawa ba.

Mutumin Gwiwa mun sa masa kwayil mai om 3, muka sabunta 'yar saƙaƙƙiyar wayar nan da muka tarar a tsinke, muka haɗa ta huɗu. Ledar kwantak tana nan a aljihun motar, har yanzu bai kwance ta ba.